Harafi ɗaya da shekara biyu

A takarda, ranar 1 ga Janairu aka haife ni. Haka ma kusan rabin ƴan ajinmu, sai ka ce matan ƙauyenmu shawara suka yi su haihu rana ɗaya. Inna kuwa abin da ta sani, ana tsakiyar yankan gero ta sauka, ranar wata Lahadi, maza duk sun tafi kasuwar Mirya. Shekarar da ke jikin takardar ma ba tawa ba ce. Na daɗe ban faɗa wa kowa ba, yau dai zan faɗa, domin da takardar nan na ci kuɗin gwamnati shekara 3 a jami'a, kuma irinta ce ta hana abokina.

Zan kira shi Dogo, don haka muke ce masa, ba sunansa na yanka ba ne. Kwana 9 ne tsakanina da shi, uwayenmu tare suka yi wankan jego. Tare muka yi allo har muka kai shekara 9, babu wanda ya yi mana zancen lakwal, wato makarantar boko. Sai wata safiya mushe, wato malamin lakwal, ya zo ƙofar maigari da ƙaton kaye, littafin rubuta sunaye, aka tattaro yara. Babu mai takardar haihuwa, saboda haka sai a ce ka ɗora hannun dama bisa kai ka kamo kunnen hagu. Ni ɗan tsurut ne, da ƙyar yatsuna suka taɓo kunnen, mushe ya ce shekara 7. Dogo kuwa ya kamo kunne har da saura. Mushe ya ce wannan ai ya girma, sai da maigari ya sa baki aka rubuta shi, shekara 9. Da aka zo yi wa ƴan lakwal takardar haihuwa ta alƙali, irin wadda ake yi wa wanda ba a rubuta haihuwarsa a kan lokaci ba, abin da ke cikin kayen mushe aka kwafe. Ni aka yafe mini shekara 2, shi aka rubuta masa gaskiya.

Ba zan ja ku da labarin firamare da kwaleji ba. Kowannenmu ya maimaita aji sau ɗaya kafin birbe, jarrabawar gama kwaleji. Da muka samu birbe aka turo mu Damagaram, babbar sakandare, lise Amadou Kouran Daga, ni seri A ta adabi, shi seri D ta kimiyya, don shi lissafi kamar shan fura yake a wurinsa. Muka sauka Garin Malam wurin Kawu, ƙanen Inna, a ɗakin zaure. Kawu ga-ruwa ne. Kurarsa bido 10, wato jarka, take ɗauka, kowane lita 25, da ita ya yi aure, da ita yake ci da mutum takwas. Wanda bai zauna Damagaram ba ba zai gane yadda tura ruwa ke riƙe gida ba. Garin bisa dutse yake, ga duwatsun nan zube cikin Birni kowa na gani, ruwan famfo daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Macaya da Arunguza, daga baya aka ƙara da Ganaram. Bazara na kamawa unguwa sai ta kwana biyu, uku, famfo ko ɗigo, in ma ya zo sai tsakar dare.

Bak ɗin farko, wato jarrabawar gama lise, mu biyu duk muka sha ƙasa. A na biyu, ranar sakamako bayan la'asar, shugaban masu gyaran jarrabawa ya fito da takarda a hannu yana kiran lamba da suna. In kana tsaye a irin wurin nan ba ka jin ƙafafunka. Aka kira Dogo da mansiyo, wato ya haura 12 bisa 20. Ni na haye da 11 da ɗan ɗoriya. Daren nan Kawu ya sayo tsire, abin da ban taɓa gani ya yi ba in ba da salla ba, ya zauna yana kallonmu muna ci, shi bai taɓa ko tsinke ɗaya ba.

Da a shekarun baya ne, da ƙila nan labarina ya ƙare. Yayyenmu da suka ci bak, yawancinsu sai Yamai, Jami'ar Abdou Moumouni, tafiyar kilomita wajen 900, ni kuwa ban san ko kare a can ba. A 2010 ne aka kafa jami'o'i a Damagaram da Maraɗi da Tawa, ita ce ta kawo mana karatun har gida. Lokacinmu Jami'ar Zinder ake ce mata. Yanzu tana ɗauke da sunan Farfesa André Salifou, ɗan garin nan, masanin tarihi da ya shugabanci taron ƙasa na 1991, ya rasu a 2022. Na zaɓi labarin ƙasa. Dogo shi likita yake so.

Ga ƴan'uwanmu na Najeriya da ba su saba da kalmar ba, burs kuɗin tallafin karatu ne da gwamnati ke ba ɗalibi, kuma ba bashi ba ne. Hukumar ANAB da ke Yamai ke kula da ita. A lokacinmu jika 35 ne a wata ga mai karatun lisans, digirin farko, a cikin ƙasa, jika ɗaya sefa 1,000 ke nan, ana haɗa wata 3 a biya lokaci guda, jika 105. Ana duba makinka na bak, ana duba shekarunka, akwai iyakar da in ka haura ta ba ka ciki. Wanda bai samu ba yana iya neman ed sosiyal, taimakon da ake bayarwa sau ɗaya a shekara, bai kai burs ba. Akwai kuma ta zuwa ƙasashen waje, irin su Aljeriya da Maroko, wannan ta masu manyan maki ce, ko a mafarki ban sa kaina ba.

Duk wannan mun ji shi tun muna lise. Abin da babu wanda ya gaya mana shi ne burs ba ta tarbarka a ƙofar jami'a. Sai ka yi rajista da kuɗinka, ka haɗa dosiye da kuɗinka, a tura Yamai, a zauna a kai, jerin sunaye ya fito, sannan a fara zancen kuɗi. Tsakanin nan watanni ne, ciki kuwa bai san wata Yamai ba.

Dosiyen kansa cin kuɗi gare shi. Takardar haihuwa, takardar ɗan ƙasa daga kotu, shaidar bak da takardar maki, shaidar rajista, hotuna, kuma kowace kwafi sai ka kai an buga mata hatimi da tambur. Ƙananan kuɗi ne, dala 40 nan, dala 100 can, dala ɗaya sefa 5 ke nan, amma in ka tara su da kuɗin rajista, ɗan talaka ya ga tashin hankali. Baba ya rasu tun ina aji uku na kwaleji. Gero ne a rumbu, shi ma bai isa shekara ba, babu mai taɓa shi. Abin da Inna ta mallaka jar akuya ce guda, da ciki. Ranar Lahadi muka ja ta zuwa kasuwar Mirya, tana turjewa, Inna na biye tana yi mata magana kamar mutum. Dillali ya shafa cikin, ya buɗe bakin, ya yi tayin wulaƙanci, don ya ga fuskar masu buƙata. Muka yi ta ja har rana ta take, aka sallama. A gindin wata bishiya Inna ta kwance bakin zane ta miƙo mini. Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana.

Ta ce, “Kai, ungo. Wai an ce gwamnati za ta dinga biyanka?”

Na ce, “Haka aka ce, Inna.”

Ta ce, “To, in ta biya ka, ka tuna da ciki ta tafi.”

Ranar kai dosiye tare muka je da Dogo. Ƴan ƙungiyar ɗalibai sun kafa tebur suna duba wa sababbi takardu kafin a miƙa. Wanda ya karɓi nawa ya ƙirga takardun, ya ga sun cika, ya ce na wuce. Da ya buɗe na Dogo, ya dubi shekarar haihuwa, ya yi lissafi da yatsu, ya ɗago kai. “Kamarad, ka haura. Sai dai ka nemi ed sosiyal.” Dogo ya ce ya duba makin. Ya ce ya gani, maki ne mai kyau, amma shekaru ba su bari. Ina tsaye a gefe da takardata mai cewa ni ƙanen Dogo ne da shekara 2. Duk duniya, in ka cire uwayenmu, babu wanda ya san gaskiyar nan kamar shi. Ya juyo ya dube ni, na sunkuyar da kai. Sai ya yi dariya, ya ce, “Da na sani ranar nan da ban miƙa hannu sosai ba.” Daga ranar har yau bai ƙara tayar da zancen ba.

Aka fara karatu, aka shiga jira. A ƙauye labari ya riga ya gama gari cewa ɗan wance ya fara ɗaukar albashi. Na je gaisuwar rasuwa sau ɗaya, Baffa ya ja ni gefe yana son salula, Gwaggo ta ce maganin hawan jininta ya ƙare. In ka ce ba a fara biya ba sai a yi maka kallon wanda boko ya fara lalatawa. Na daina zuwa gida, na ce karatu ya yi yawa.

Abincin resto, wanda hukumar kula da jin daɗin ɗalibai ta CROU ke dafawa, da tikiti ake ci, kuma araha ne ƙwarai, Allah ya saka wa wanda ya ƙirƙiro shi. Sai dai araha ga mai shi take. Wanda ba shi da dala, abin dala ya fi ƙarfinsa. Ga fotokopi, malami zai bar darasi shafi 60 a shago ya ce kowa ya je ya cira. Ga waɗanda ake turawa ta WhatsApp, ni kuwa salulata mai tocila ce. Nakan ari wayar wani in kwafe da hannu har wuyana ya ƙage. Zuwa jami'a da ƙafa, kabu-kabu sai ranar jarrabawa.

Cikin sanyi gwiwar Kawu ta kumbura, ya kwanta. Babu wanda ya ce mana ku ɗauki kura, amma tukunyar gidan da muke ci a ciki ta kura ce. Muka raba, Dogo yamma, ni asuba. Ƙarfe 3 na dare in tashi in je layin famfo, in cika, in yi zuwa biyu ko uku kafin ƙarfe 7, in watsa ruwa a jiki, in nufi amfi, babban ɗakin lacca. Kilo 250 ne a kan taya biyu. A kwalta ba komai, wahalar tana cikin lungu mai yashi, inda sai ka sa ƙirji, ka kafe yatsun ƙafa, ka ji kamar hanjinka zai fito. Tayar dama ta kurar Kawu faci ne bisa faci, kullum sai ta sace. A amfi nakan zauna can baya, malami na bayanin yadda ruwa ke taruwa a ƙarƙashin ƙasa da dalilin da ya sa dutse irin namu ba ya riƙe shi, ni ina gyangyaɗi, tafin hannuna duk kanta.

Wata safiya na yi sallama a wani gida a Sabon Gari, wadda ta buɗe ƙofa ƴar ajinmu ce, mai zama layin gaba. Na so ƙasa ta tsage. Ta dube ni, ta dubi kurar, ta ce, “Bido huɗu, malam.” Na juye mata a randa, ta biya. A aji ko kallon inda nake ba ta yi ba, ba ta kuma gaya wa kowa ba. Amma daga ranar gidansu kullum bido huɗu, ko famfonsu ya kawo ko bai kawo ba.

Zafi ya fara shigowa aka ce jerin sunaye ya fito. An manna takardu a bango, mutane sun yi cincirindo, wani na ihu, wani na sujada a ƙasa. Na kutsa na sa yatsa a harafin da sunana ke farawa da shi, na bi har ƙasa. Babu. Na sake. Na koma farkon jerin gaba ɗaya na bi suna-suna, ko an juya nawa da na Baba. Babu. Can gefe akwai wata ƴar takarda ta dosiyoyin da aka dakatar, kowane da dalilinsa. Nan na ga kaina, na bakwai. Dalili: sunaye ba su dace ba.

Kamarad ɗin da ke kula da irin wannan ya ce in kawo takarduna. Ya shimfiɗa shaidar bak da takardar ɗan ƙasa a kan sirdin babur, ya danne su da makulli don iska, ya ce in karanta sunan mahaifina a nan, in karanta a can. Na karanta, na ce ai ɗaya ne. Ya ce in sake, da yatsa. A ɗaya akwai “u”, a ɗaya akwai “n”. Shi ke nan. Takardar alƙali ta asali da hannu aka rubuta ta, irin rubutun Faransanci mai jan layi, wanda “u” da “n” suke kamar tagwaye a cikinsa. Ta yi shekaru a ƙasan kwallar Inna, tawada ta koɗe, gara ta ci gefe. Wanda ya buga kwafin da na yi bak da shi ya ga “u”. Wanda ya buga na takardar ɗan ƙasa ya ga “n”. A idon doka mun zama mutum biyu, ɗaya ya ci bak, ɗaya ɗan Nijar ne, kuma ba a ba kowane ɗayansu burs shi kaɗai.

Na so in ga laifin wani, ban samu wanda zan kama ba. Waɗanda suka dakatar da dosiyen aikinsu suka yi. Ni ne na haddace manyan biranen duniya da tsawon kogin Kwara, amma ban taɓa zama na karanta takardar kaina harafi-harafi ba.

Daren nan na gaya wa Kawu na gaji, zan bar karatun. Lokacin zancen zinariya ya cika gari, tun da aka gano ta a Jado a 2014 samari ke ta hawa mota zuwa Agadas, kuma Dogo ya fara lissafin tafiya. Kawu na kishingiɗe, gwiwa ɗaure da tsumma. Ya ce, “Harafi nawa ka ce?” Na ce ɗaya. Ya ce, “Ni da ban san ko ɗaya ba ban bar gari ba, sai kai da ɗaya ya ɓace maka? Ɗan nan, in ka turo ruwa daga famfo har ƙofar gida, taya ta fashe, zubarwa kake yi?” Na ce a'a. “Me kake yi?” Na ce ɗauka nake ɗaiɗai a ka. Ya juya ya ba ni baya, ya ja bargo.

Haka na ɗauka ɗaiɗai. Kotu, a ce dawo jibi. Ƙauye, in ɗauko takardar asali da dattawa biyu da suka san Baba, kuɗin motarsu da na goronsu a kaina, bashi daga mai shagon unguwa. Aka gyara takardar ɗan ƙasa, aka sake hatimi, aka sake tambur, na rubuta takardar koke, abin da ɗalibai ke kira reklamasiyo. A nan ne na canza ra'ayi game da ƴan USN, ƙungiyar ɗalibai da ƴan makaranta ta Nijar. Da ina yi musu kallon masu surutu, kullum taro, kullum yajin aiki, mu da muka zo da kuɗin akuya muna so a yi karatu a gama. Har yanzu ban yarda da duk abin da suke yi ba. Amma kamarad ɗin nan, wanda ba dangin iya ba na baba, shi ya gyara mini Faransancin takardar, shi ya sa ta cikin waɗanda za a kai Yamai, shi ya dinga bibiya da katin wayarsa. Shekarar da ta biyo, ranar 9 ga Fabrairu, da aka yi taron tunawa da ɗalibai 3 da aka kashe a gadar Kennedy ta Yamai a 1990, ba a neme ni ba, da ƙafata na je.

Sunana ya fito a jerin ƙari. Kuɗin kuwa sai da hadari ya fara haɗuwa, ana gyaran gonaki. Rapel aka yi mini, wato na baya da ban karɓa ba aka haɗo, wata 6, jika 210. Tunda uwata ta haife ni ban taɓa riƙe rabinsu ba. Daga banki masallaci na shige, na zauna a kusurwa na ƙirga sau uku, na raba su aljihu huɗu, na fito ina tafiya kamar mai ƙurji.

Kafin magariba an ci rabi. Mai shago da masu bina ƙananan basussuka, jika 28. Gero buhu biyu zuwa ƙauye, don lokacin ne rumbu ke ƙarewa, tiya ta yi tsada. Salula mai shafawa, ta hannu, saboda darussa. Maganin Gwaggo. Baffa ma ya samu ƴar mai tocilata, ya karɓa yana yatsina. Na kai wa Kawu jika 20, ya ce in ɗauke masa su daga gabansa, shi bai saukar da ɗan ƴar'uwarsa don haya ba. Sai na je Kasuwar Dole na sayo taya sabuwa da tib, na ɗaura wa kurar da dare. Da safe ya gani, ya buga ta da ƙafa, ya ce, “Ta hagun fa?” Ba zan ɓoye wautata ba, na sayi takalmi sau-ciki da agogo mai sarƙa, jika 17. Takalmin ya matse ni, agogon ya tsaya kafin kaka. Shi ya sa in na ji ana zagin ɗalibai wai burs na faɗowa sai kasuwa, nakan yi shiru. Wanda ya shekara yana kallon abu a hannun mutane, ranar da ya samu sai ya taɓa.

Lahadi na je Mirya na sayi jar akuya. Na kai gida, Inna ta zagaya ta, ta shafa cikin, ta ce, “Ina ƴaƴan?” Na ɗauka wasa take. Ta ce waccan biyu take haifa. Sai da burs ta gaba ta fito na cika mata da ƴan akuya biyu, sannan ta ce mun rabu lafiya.

Ban tsira haka nan ba. Gyangyaɗin amfi ya biyo ni, na faɗi darussa biyu, sai a zagaye na biyu na jarrabawa na fanshe su da ƙyar. Burs kowace shekara ake sabunta ta, da shaidar ka ci gaba, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Da gwiwar Kawu ta warke na ajiye kura, ban ƙara faɗuwa ba.

Dogo ya yi shekarar farko cur, kuma ya ci. Amma karatun likita doguwar hanya ce, shekara bakwai zuwa sama, ba a yin ta da taimakon sau ɗaya a shekara da turin ruwan yamma, ga ƙanne biyar a bayansa. Da ed sosiyal ɗinsa ta fito, ita ya yi kuɗin mota da ita. Na raka shi tasha, na cusa masa jika 30 a aljihu. Ya ce bashi ne. Na ce kyauta ce. Ya ce in kyauta ce ba ya so. Na san abin da yake nufi, shi ma ya san abin da nake nufi, muka bar shi a bashi. Littattafansa ya bar su a zauren Kawu cikin buhun shinkafa.

Abin ya daɗe yana cina. Ina shekara ta biyu na samu wani malami da nake ɗaukar karatu a wurinsa bayan asuba, na kwashe duka na gaya masa, na ce shin kuɗin nan halal ne? Ya ce, “Kai ka rubuta shekarun?” Na ce a'a, ina yaro aka rubuta. Ya ce, “Ranar da ka miƙa dosiye, ka san ba su ne naka ba?” Na ce na sani. Ya yi shiru yana jan carbi har na ɗauka ya manta da ni. Can ya ce ba ni da wata takarda sai ita, da ita na yi birbe, da ita na yi bak, hukuma ce ta ba ni, amma in yawaita istigfari, kuma duk ranar da na samu hali in ɗauki nauyin wani. Ban ji an wanke ni ba, ban kuma ji an kama ni ba. Haka nake har yau.

Na gama lisans, na yi sibik, wato bautar ƙasa, shekara 2, yanzu malamin kwantaragi ne, ina koyar da tarihi da labarin ƙasa a wata kwaleji. Alhamdu lillahi. Albashin ba wani abu ba ne, amma ƙanwata tana lise, ni ke riƙe da ita. Farkon kowace shekara nakan ware awa ɗaya a ajin masu birbe, kowa ya zo da takardar haihuwarsa da katin makaranta, mu shimfiɗa a tebur mu bi da yatsa. Suna yi mini dariya, har suna suka sa mini, Mushe Harafi. Babu shekarar da ba na kama biyu ko uku.

Dogo ya yi shekara 2 a arewa, ya dawo da tari da ɗan jari. Yanzu shago gare shi na kayan salula, ya riga ni aure, ya riga ni babur, in gaskiya za a bi ya fi ni kuɗi. Jika 30 ɗina ya biya ni tun watan da ya dawo, a ambulan. Da yamma yaran unguwa masu shirin bak sukan kawo masa lissafi, ya warware musu a bayan kwalin caja, yana yi yana ba mai saye canji.

Bara matarsa ta haihu, namiji. Washegarin suna da sassafe ya buga mini waya, ya ce in zo in raka shi meri, ofishin magajin gari, ya yi wa yaron takardar haihuwa. Muka zauna a benci har aka gama, aka miƙo takardar. Bai duba ba, ya miƙo mini, ya ce, “Mushe, kai ka san haruffa.” Na sa yatsa na bi, sunan yaron, sunan uban, sunan uwar, rana da wata da shekara, har da ƙarfe nawa. Na ce daidai ne. Ya ce in sake. Na sake. Ya ninke ta ya sa a leda, ya sa ledar a wata ledar. A hanya na tambaye shi wa yaron ya biyo. Ya ce ungozoma ta ce ba ta taɓa ganin jariri mai dogayen hannuwa irin nasa ba.